Lissafin da Yaya Ya Haddace

Abubuwa da yawa sun same ni a makaranta waɗanda yanzu sai an tuna mini su nake tunawa, amma ranar da ni da yayana muka rubuta lissafi a jarrabawar ƙarshe ta sakandare, wadda muke kira bak, ba ta cikinsu. Wannan rana ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da tsufa ya cinye mini sauran tunani. Shekaru sun ja, na yi aure, na haihu, ni kaina na zama malamar lissafi, amma har yau tana faɗo mini a rai kamar jiya aka yi.

A Garwa aka haife mu. Babanmu mahauci ne da ya bar wuƙa ya koma fataucin shanu, yana bin kasuwanni har Bibemi. Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ya kuma ba ni shekaru masu yawa. Tun yana ƙarami aka kai shi wurin kawunmu, wani malami a Tinyer, bai dawo gida ba sai da ya haddace Alƙur'ani. Da ya dawo kowa ya ɗauka zai bi Baba kasuwa, sai ya ce shi boko yake so. Ya shiga aji da yaran da ba su kai kafaɗarsa ba, suna yi masa dariya, ko a jikinsa. Kansa kuwa ba a magana, abin da ya karanta sau biyu ya zauna ke nan. Aka yi ta tsallakar da shi aji har ya cim mini a lise, wato babbar sakandare, muka shiga ajin ƙarshe tare, ɓangaren lissafi.

Burinsa ɗaya ne, ya zama injiniya. In muka hau gadar Binuwai a kan babur sai ya rage gudu yana leƙen ginshiƙanta, ni kuma ina bayansa ina ta masifa kada ya jefa mu ruwa. Makarantar injiniyoyi ba a shiga sai an ci bak, sannan a zauna wata jarrabawar tacewa da ake kira konkur, ita kuma tana da iyakar shekaru. Yaya ya shigo boko a makare, saboda haka wannan shekarar ce ta ƙarshe da shekarunsa za su bar shi ya zauna. In ya faɗi bak, ko ya sake ya ci a baɗi, ƙofa ta rufe. Duk gidanmu mun san da haka, har Inna da ba ta san harafi ko ɗaya na boko ba.

A makaranta ba wanda ke kiran sunansa. Modibbo ake ce masa, kamar yadda Fulani ke kiran malami. Shi ke jan sallar azahar a ɗan masallacin makaranta, har wasu malamanmu suna bin sa. In yara suka yi faɗa wurinsa ake kai ƙara. Ni kuwa an san ni da baki, ba na gani in ƙyale, har ana mamakin yadda uwa ɗaya ta haife mu.

Malamin lissafinmu matashi ne Kirista, ɗan mutanen kan dutse, da kaɗan ya girmi Yaya. A Pitowa ya taso, inda uwarsa ke sayar da gyaɗa, can ya tsinci Hausa da Fillanci a bakin 'yan kasuwa. Dokar aji Faransanci ce zalla, amma in ya ga idanunmu sun yi fari fat sai ya tura ƙofa ya juya harshe. Haka ya yi ranar da ya zo kan abin da ya jawo wannan labari.

Ga wanda bai yi lissafi mai zurfi ba, bari in ɗan buɗe. Akwai abin da muke kira deribe. Shi ne ma'aunin da ke gaya maka yadda abu ke canzawa, ko hawa yake yi ko sauka, da kuma saurin da yake yi. In lissafin guda ɗaya ne tsura, neman deribensa ba wuya. Rigimar tana zuwa ne in an cusa wani lissafi a cikin wani.

"Bon," in ji Misiye, haka muke kiransa. "Kowa ya san injin niƙa, ko? In inji ya juya sau ɗaya, ƙarfen tsakiya da bel ke ja yana juyawa sau uku. In na tsakiya ya juya sau ɗaya, dutsen niƙa yana juyawa sau biyu. To inji ya juya sau ɗaya, dutse sau nawa?"

Wani daga baya ya ce biyar, aji ya kwashe da dariya. Na ce shida.

"Voilà. Ninkawa ake yi. Ka nemi deriben na waje, ka ninka shi da deriben na ciki. In na cikin ma yana da wani a cikinsa, ka sake shiga, ka sake ninkawa, har ka isa inda babu sauran ciki."

Ya rubuta (3x + 1)² a allo. Na waje shi ne wancan biyun da ke sama, ya sauko da shi ya samu 2(3x + 1). Na ciki shi ne 3x + 1, deribensa uku. Ya ninka, amsa ta fito 6(3x + 1). A take abin ya shige ni, har na ji kamar in tashi in yi rawa. Na waiwaya in ga ko Yaya ma ya ji daɗin da na ji, sai na tarar ya ajiye biro ya harɗe hannu yana jira. Shi a wurinsa duk wannan hira ce. Karatu yana farawa ne sa'ad da malami ya ce a rubuta.

Aka kuwa ce a rubuta. Misiye ya yi mana shiftar jerin ƙa'idoji kamar yadda manhaja ta tanada, muna kiransu formil, kowace da harafin u a madadin abin da ke ciki. Nan Yaya ya duƙufa. Kafin mako ya zagayo ya haddace su kaf. Bayan sallar asuba sai ka ji shi yana zagaya tsakar gida, hannu a baya, yana rera su da irin muryar da yake tilawa. Inna takan rage rediyo ta hana yara motsi, a zatonta karatun Allah yake yi. Bai tsaya nan ba, ya samo littafin tsofaffin jarrabawa mai amsoshi ya haɗiye shi tun daga bango har bango. Tun da gwaje-gwajen aji daga irin waɗannan littattafai ake ɗebo su, makinsa kullum a sama yake, wani lokaci ma ya fi nawa.

A zauren gidanmu akwai bango guda da muka shafe da baƙin fenti ya zama allo, kamar yadda ake yi a duk gidan da ke da ɗan ajin jarrabawa. Wata rana da la'asar, a tsakiyar zafin nan na Garwa da ke sa mutum ya tsani rigar jikinsa, na shigo na tarar Yaya ya ƙirƙiri wata tambaya da kansa yana gwadawa. Wannan ne karo na farko da na ga aikinsa a kan abin da ba ya cikin littafi. Hawa uku ce, lissafi cikin lissafi cikin lissafi. Ya yi na waje daidai, ya shiga na biyu, sai ya tsaya. A can ƙuryar ciki akwai 3x, bai taɓa ta ba.

Na duba ba kowa a zauren sai mu biyu, na sassauta murya iyakar iyawata. "Yaya, ina ukun nan ta shiga?"

"Wace uku?"

"Ta can ciki. Ai sai ka ninka da ita."

Ya karanto mini formil ɗin da ka, tsaf, ba tuntuɓe. "Kin ji? U ɗaya ce a ciki, na kuwa ba ta haƙƙinta."

"To ai a cikin u ɗin akwai wata u."

Ya yi dariya, irin wadda babba ke yi wa yaro, ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi. "U nawa kike so a yi, Madam? Nuna mini layin da aka rubuta haka, in haddace shi yanzu."

Babu layin, don ba layi ba ne, fahimta ce. Na fara kawo masa zancen injin niƙa, sai ya ɗauki tsumma ya goge allon a hankali. "Ke dai da surutu. Ni fa na koya miki alifun ba'un." Ba da zafi ya faɗa ba, Yaya bai iya zafi ba. Amma ya rufe maganar, kuma a gidanmu in babba ya rufe magana ta rufu.

Raina ya ɓaci, na wuce wurin Inna tana tankaɗe. Na yi mata bayani yadda za ta gane, na ce akwai rami a karatun Yaya, in ba a cike shi ba zai faɗa. Ta dube ni sama da ƙasa. "Mutumin da ke jan manya salla ke za ki kama wa hannu? Ke kam Allah ya shirye ki. Kada in sake jin kin tsaya gyara wa yayanki magana." Na sake gwada shi bayan kwana biyu, ya ce in kawo masa ruwan alwala.

Sai na tafi wurin Misiye bayan an tashi. Na ce, "Misiye, don Allah ka fitar da yayana allo. Ka ba shi wadda bai taɓa gani ba."

Sai a lokacin na lura da abin da ya kamata kowa ya lura da shi tun tuni. Shekara ta kusa ƙarewa, kowa a ajin ya sha fita allo ya sha kunya, ni kam ba adadi, amma Yaya ko sau ɗaya ba a taɓa kiransa ba. Ba Misiye kaɗai ba, duk malamanmu haka suke yi masa.

Misiye ya sosa ƙeya. "Modibbo? In ya kasa a gaban yara fa? Ke kin san ni ba Musulmi ba ne, kuma baƙo ne a nan. Gobe a ce ɗan dutse ya tozarta limamin makaranta." A ƙarshe ya ce zai kira shi su biyu kawai.

Ya cika alkawari, ya kira shi, ina laɓe a bakin taga. Ya ce, "Modibbo, yaya deribe, tana shiga?" Yaya ya gyara tsayuwa ya karanto jerin formil daga farko har ƙarshe, ko numfashi bai sake ba. Na ga fuskar Misiye ta washe kamar wanda aka sauke wa kaya. "Très bien, Modibbo, très bien." Allin yana hannunsa, allo yana bayansa, amma bai rubuta komai ba. Da na tare shi daga baya sai ya ce, "Yayanki ya fi ni sanin formil, ki kwantar da hankalinki." Mutumin kirki ne, har gobe ina yi masa fatan alheri, amma ranar na ji haushinsa ƙwarai.

Jarrabawa ta zo a farkon damina. An yi ruwa da safe, gari ya yi lumshi, ƙasa tana ƙamshi. Baba da kansa ya raka mu ƙofar gida, abin da bai taɓa yi ba, ya dafa kafaɗar Yaya ya yi masa addu'a mai tsawo, ni kuma ya ce Allah ya ba da sa'a. Ɗakunanmu daban-daban ne. Aka raba takardu, na wuce ƙananan tambayoyi na juya kai tsaye zuwa babbar, wadda ke ɗauke da kusan rabin maki. Tsarinta kullum ɗaya ne. A ba ka lissafi guda, ka nemi deribensa, daga nan ka faɗi ko hawa yake ko sauka, ka cika jadawali, ka zana layinsa, kowane mataki yana zaune a kan na bayansa. In ka karkace a farko, ka tafi ke nan.

Na karanta: ln(1 + e⁻²ˣ). Hawa uku. A can ƙuryar ciki ga −2x tana zaune, kuma ba lamba kawai za ta canza ba. Alamar ragewar nan ita ce ke juya amsar gaba ɗaya. In ka ninka da ita, layin sauka yake yi. In ka manta ta, zai fito maka yana hawa.

Na san abin da ake rubutawa a wancan ɗakin kamar ina tsaye a kansa. Mai gadin jarrabawa, wata mata mai tabarau, ta zo ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce lafiya lau. Na yi aikina ina share ido da gefen hijabi, ina roƙon Allah ya sa ko da kalma ɗaya daga cikin surutuna ta maƙale masa a kunne.

Da aka fito na same shi a gindin bishiyar maina da ke bakin ƙofa, 'yan ajinmu sun kewaye shi. Fuskarsa fes, na daɗe ban gan shi cikin irin wannan farin ciki ba. Ya hango ni ya taho da sauri, ya ja ni gefe.

"Madam, yaya? Babbar nan ai ta zo da sauƙi." Ya ɗaga hannu ya zana layi a iska, daga ƙasa zuwa sama. "Haka take, ko?"

Bai jira amsata ba.

"Da na zo jadawali na ga iyakokin layin ba su zauna daidai ba," ya ci gaba, "sai na koma na gyara su su bi deriben. Formil ai ba ta ƙarya."

Wato lissafin da kansa ya ja masa riga ya nuna masa akwai matsala, shi kuma ya goge daidai ɗin ya bi kuskuren, saboda amanar da ya ba abin da ya haddace. Na girgiza masa kai.

"Yaya, sauka take yi."

Hannunsa yana sama bai gama saukewa ba. Ya dube ni, ya dubi sauran yara, ya kira wani yaro da ya fi kowa iya lissafi a ajin ya tambaye shi. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Sauka, Modibbo." Yaya ya ce, "To." Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya je ya tayar da babur. Na hau bayansa muka kama hanyar gida.

Sakamako ya fito, na ci, shi bai ci ba. A ɓangarenmu lissafi ne ke da nauyi, in ya faɗi da kai sauran darussa ba sa iya ɗaga ka. Gidanmu ya rasa yadda zai yi, ba a san ko murna za a yi ko jaje ba. Yaya ne ya shigo da kwalaben lemo a kwali ya ce wa Inna, "Ki yi guɗa mana, 'yarki ta ci bak." Inna ta yi guɗar tana kuka. Ban taɓa cin abin da ya yi mini ɗaci a baki kamar wannan nasara ba. Bayan sati biyu ya bi Baba Bibemi, bai sake taka makaranta ba.

Kada a ɗauka ya lalace. Allah ya buɗa masa a harkar shanu, yana da gida da iyali, ya fi ni abin hannu nesa ba kusa ba. Amma maganar bak ba ta sake haɗa mu ba, shekara da shekaru, kamar an binne ta. Sai wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo gidana, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya tarar ina shirya darasin Litinin a tsakar gida. Na kawo masa shayi, ya zauna yana kallon takarduna, can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Abin nan na ranar. Nuna mini shi."

Na jawo farar takarda. Na fara da injin niƙa, wannan karon ya saurara. Na rubuta tambaya na yi a gabansa, na waje, sannan na ciki, sannan na can ciki. Ya karɓi biron ya ce in ba shi wata. Na ba shi mai hawa uku, ya yi ta daidai. Na ba shi mai hawa huɗu don in gani, ya yi ta, har ya riga ni. Shayinsa bai ma huce ba.

Ya ajiye biro. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Babu wani abu bayan wannan?"

"Babu."

Ya daɗe yana kallon takardar. "Duk shekarun nan ina zaton wani babban abu ne ya kayar da ni, abin da kaina ba zai ɗauka ba. Har na haƙura a kan haka." Ya yi ɗan murmushi wanda ya fi kuka ciwo. "Kin faɗa mini, ban ji ba, wannan nawa ne. Amma da an samu mutum ɗaya ya miƙa mini alli a gaban yaran nan, na tsaya na kasa, suka yi mini dariya. Ai na saba da dariyar yara, da ita na fara boko."

Ya shanye shayinsa, ya tambayi lafiyar yara, ya tafi.

Abin da wannan al'amari ya koya mini, na biya shi da tsada, ko da yake Yaya ne ya fi biya. Hadda baiwa ce, kuma a inda ya samo ta, rashin canza ko harafi ɗaya shi ne darajarta. Lissafi kuwa sai an buɗe shi an leƙa ciki, kuma ba a gane wanda bai leƙa ba sai an ba shi abin da bai taɓa gani ba. Mu duka mun so Yaya, mun girmama shi, kuma wannan girmamawar ce ta hana kowa ya taɓa inda yake da rauni tun ana iya gyarawa. Shi ya sa a ajina ba wanda ya fi ƙarfin allo. Duk shekara ina samun irinsa, babba mai kamala wanda yara ke jin nauyinsa, kuma da shi nake fara miƙa alli. Wasu suna cewa Madam ba ta da kunya, ba ta san babba ba. Ina jin su, ba na tankawa. Na ga abin da kunya ta yi wa wanda ya fi ni kai, kuma gara ɗalibi ya tsane ni na rana ɗaya da ya zo gidana da furfura yana tambayata ko shi ke nan.